Farin Maɓallin da Ya Rage a Kwalbar Inna

Ranar Talata, goma sha huɗu ga watan Mayu, da hantsi, Allah ya karɓi ran surukata, mahaifiyar maigidana, wadda duk gidan muke kira Inna. Ta cika a asibiti bayan jinyar kwana tara, tana da shekara saba'in da ɗaya a lissafin 'ya'yanta, a nata lissafin kuwa "saba'in da 'yan kai." Daga Allah muka zo, kuma wurinsa za mu koma dukanmu. Yau kwana ashirin da biyar ke nan, sai yanzu na iya ɗaukar biro.

Inna, mutane da yawa sun yi maganar sallarki da haƙurinki da kyautarki, kuma duk gaskiya suka faɗa. Ni abin da na gani a cikin gida zan faɗa, wanda masu zuwa gaisuwa ba su gani ba.

Shekara huɗu da suka wuce kika dawo wurinmu da zama, bayan gwiwoyinki sun hana ki hawa matattakalar gidan da kike ciki. Kin zo da akwati ɗaya, da keken ɗinkinki na ƙafa, da wani babban gwangwani cike da maɓallai da kika tara tun farkon koyon ɗinkinki. Aka ba ki ɗakin da ke kusa da kicin, wanda tagarsa ke kallon igiyar shanya. Ba zan ɓoye ba, na ji tsoron zuwanki. A makon farko ko gishiri zan sa a miya sai na ɗanɗana sau uku. Kika lura, kika leƙo kicin kika ce, "'Yar nan, idan kika ci gaba da ɗanɗanawa haka, tukunyar za ta iso mu babu komai a ciki." Daga ranar tsoron ya fara raguwa.

A lokacin babbar 'yarmu tana da shekara shida. Sunanki aka sa mata, shi ya sa kike kiranta Takwara, mu ma muka bi, har maƙwabta. Yarinya ce mai shiru sosai. Malamarsu ta aiko da takarda cewa ba ta magana a aji, ko an tambaye ta sai ta sunkuyar da kai, kuma da alama kanta ba ya ɗauka da sauri. Maganar nan ta dame ni ƙwarai. Ni na bar makaranta da wuri, kuma na ɗauki alkawari a raina cewa 'yata ba za ta tsaya inda na tsaya ba. Sai na zama malama da ƙarfi da yaji. Kullum bayan la'asar in zaunar da ita a bakin tebur, littafi a gabanta, rula a hannuna. In nuna harafi, ta yi shiru. In ɗaga murya, ta fara hawaye. In buga rula a tebur, ƙanenta Auta da ke goye a bayana ya taya ta kuka. Kina kan keke kina jin komai, ba ki taɓa sa mini baki ba. Na dai lura duk lokacin da muryata ta hau, keken ma yakan ƙara sauri.

Wata Asabar ina kwashe shanya, Takwara ta zo ta tsaya a gefena tana taɓa rigar babanta.

"Umma, ina ruwan yake tafiya?"

"Wane ruwa?"

"Na kayan. Ɗazu yana nan, yanzu babu."

Na ce, "Rana ce ta shanye. Matsa mini, kin tare hanya."

Sai muka ji muryarki ta taga: "Takwara, ke kin yarda? Ni dai fiye da shekara hamsin ina shanya, ban taɓa ganin bakin rana ba, balle in gan ta tana sha."

Yarinyar ta yi dariya har da riƙe ciki, irin wadda na jima ban ji daga gare ta ba. Ta ce, "To ina yake zuwa, Inna?"

Kika ce, "Ban sani ba. Ke kika tambaya, ke za ki wuce gaba. Ni zan biyo ki a baya da gwiwoyina."

Ta yi tunani ta ce sai an kafa wa ruwan tarko. Ta jiƙa hankici ta kife masa kwando a rana. Na san babu abin da kwando zai kama, na buɗe baki zan faɗa, kika kalle ni ta saman tabarau, na rufe. Hankici ya bushe, kwando bai kama komai ba. Washegari ta gwada da murfin tukunya, iska ta shiga ta gefe. Rana ta uku ta sa shi cikin farar leda, ta hura ta, ta ɗaure bakin da zarenki, ta rataye a igiya. Kafin azahar ta shigo da gudu, leda a hannu, ɗigo-ɗigon ruwa sun taru a samanta. Ta ce, "Na kama shi. Sama yake son gudu."

Ranar kika buɗe gwangwanin, kika ce ta zaɓi maɓalli ɗaya. Ta zaɓi shuɗi. Kika yanko farin ƙyalle mai faɗi, kika ɗinka maɓallin a kai, kika sa babansu ya buga ƙusa a bayan ƙofarki ya rataye. Daga nan dokar gidanmu ta fara. Duk yaron da ya yi tambayar da ba a san amsarta ba, zai zaɓi maɓalli ya jefa a wata kwalbar zuma da ta ƙare, wadda kika wanke kika ajiye a kan taga. Maɓallin zai zauna a kwalba, ko kwana biyu ko wata shida. Ba a ɗinka shi a ƙyalle sai mai tambayar da bakinsa ya ce ya gamsu. Ba ke za ki ce an gama ba, ba ni ba, ba babansu ba.

Akwai abin da kike faɗi wanda har yau nake jinsa a kunnena. Idan yara suka tambaye ni abu na rasa ta cewa, nakan ce, "Haka Allah ya yi shi." Sai ki ce, "Wannan mun sani, kuma gaskiya ne. Yanzu mu je mu ga yadda ya yi shi."

Da Auta ya fara magana sosai, nasa maɓallin na farko na tururuwa ne. Yana son ya san wa yake gaya musu inda na ɓoye sukari. Kika ce shi zai wuce gaba. Ya zuba 'yan ƙwayoyin sukari a ƙofar kicin, kuka zauna jira. Da suka yi layi, ya ce ba a ganinsu da kyau daga tsaye. Babansu, wanda kike kira Direba tun da ya fara tuƙa bas, ya dawo daga aiki ya tarar da ke kwance a siminti, kunci a ƙasa, yara biyu a gefenki babu mai motsi. Ya yar da jakarsa ya yo kanki a tsorace. Kika ɗaga hannu ba tare da kin ɗago kai ba kika ce, "Direba, taka birki, za ka take mana fasinjoji." Sai da mu biyu muka haɗu muka tashe ki, kina dariya kina cewa gwiwoyinki sun yi fushi. Ranar Auta ya goga yatsa a tsakiyar layin, ya ga tururuwan sun rikice kamar an ɗauke musu hanya. Ya ce ashe wani abu suke shafawa a ƙasa. Ya gamsu, aka ɗinka masa baƙin maɓalli. Ni kuma sukarina ya ƙare kafin ƙarshen mako, saboda sai da aka maimaita wa yaran maƙwabta sau huɗu.

Ba kullum ake cin nasara ba. Kin tuna ƙwai? Auta ya ce tunda ɗumi ne ke fito da ɗan tsako, shi zai ƙyanƙyashe ƙwan da na sayo a shago. Ya ce kuma a gidan nan babu wanda ya fi ki zama wuri ɗaya. Haka kika naɗe ƙwai a tsumma kika ɗaure a ƙugunki, kina ɗinki da shi, kina karɓar masu kawo ɗinki da shi. Wata ta tambaye ki me ya kumbura a gefenki, kika ce mata jikanki ne ya ba ki aikin kaza. Kwana goma sha ɗaya ya yi kafin ya fashe, kuma sai da muka buɗe tagogi duka har yamma. Na ce miki a ɓoye, "Inna, ai kin san ba zai yi ba." Kika ce, "Na sani. Amma shi bai sani ba, kuma ƙwai ɗaya ne."

Idan gida ya kasa, sai ki ce a je wurin mai aikin. Kika kai su wurin mai kaji a kan maganar ƙwai. Kika kai su bayan gidan burodi su ga abin da ke kumbura ƙulli. Ranar da mai gyaran famfo ya zo, ya ɗauka aikin rabin awa ne, sai da ya yi awa biyu yana nuna wa Takwara inda ruwa ke samun ƙarfin hawa sama. Amma ba ki taɓa yin tambayar a madadinsu ba. Za ki gaisa da mutum, ki ce, "Wannan tana da magana," ki ja da baya ki tsaya. Farkon lokaci Takwara ta yi minti biyar tana murza gefen rigarta a gaban mai gyaran agogo. Ba ki cece ta ba, shi ma kika yi masa ido ya jira. Da maganar ta fito, ƙasa-ƙasa ta fito, amma ta fito. Yanzu har likita tana tsarewa da tambaya.

Lissafi a tef ɗinki na awo ta koye shi. Ta auna tebur, ta auna ƙofa, ta auna kunnen Auta yana barci. Ta riƙa auna cikin babanta duk farkon wata tana sanarwa a wurin cin abinci. Ranar da ta ce ya ƙaru da inci biyu, ya ce tef ɗin ne ya tsufa ya ƙanƙance. Kika ce, "To sa maɓalli a kwalba, Direba, mu bincika." Bai sa ba.

Rubutu kuma dabara kika yi mana. Da maɓallan ƙyallen suka kai talatin, kika fara dafe kai kina cewa, "Takwara, kaina ya cika. Wannan jan na mene ne ma? Na albasa mai sa hawaye ne ko na madubi?" Ta yi ta tuna miki, kina ta mantawa. Har ta gaji ta ce za ta riƙa rubutawa. Ta zo da kanta ta same ni a kicin da tsohon littafi ta ce in nuna mata yadda ake rubuta albasa. Haruffan da na yi wata shida ina dukan tebur a kansu, cikin 'yan makonni ta kwashe su, saboda yanzu ita ke neman su. Duk maɓallin da aka ɗinka sai ta rubuta tambayarsa da amsarsa. Bayan shekara biyu, wata rana yara suna makaranta, na same ki tsaye a bayan ƙofa kina taɓa maɓallan ɗaya bayan ɗaya kina faɗin na kowanne, ba ki yi kuskure ko ɗaya ba. Kika juyo kika gan ni, kika ce, "Kada ki tona mini asiri."

Sau ɗaya na taɓa yi miki ƙorafi. Jarrabawa ta matso, su kuma suna bakin famfo suna gwada abin da ke nutsewa da abin da ke yawo a saman ruwa, da cokulana da sabuluna. Na ce, "Inna, wasa kawai suke yi, ga jarrabawa." Ba ki ji haushi ba. Kika ce, "Makaranta aikin malamai ne, ban raina ta ba, su je su yi. Ni ban shiga aji ba ko na yini ɗaya. Abin da na iya shi ne in hana su jin kunyar cewa ba su sani ba." A ƙarshen zangon Takwara ba ta zo ta ɗaya ba, ba ta ma kusa ba. Amma sabuwar malamarsu ta aiko da takarda, wannan karon ƙorafin shi ne tambayarta ta yi yawa, tana hana darasi tafiya. Na karanta miki, kika ce, "Ina waccan ta farko? Ki haɗa su wuri ɗaya, su sasanta kansu." Suna nan tare a cikin akwatina.

Ni ma haka kika koya mini ɗinki. Kina kallo na yanka hannun riga biyu duk na gefe ɗaya, ba ki ce komai ba sai da na zo haɗawa. Kika ce, "Madalla, yanzu saura mu nemo mai hannun hagu biyu." Ban sake yin wannan kuskuren ba.

Kwana biyu kafin ciwon ya kwantar da ke, ina kasuwa, Takwara ta jefa wani farin maɓalli a kwalba. A lokacin an ɗinke sauran duka, shi kaɗai ne a ciki. Ba a rubuta na cikin kwalba, ku biyu kawai kuka san tambayar. A asibiti, ranar da kika ɗan samu sauƙi ina ba ki shayi, kika ce, "'Yar nan, akwai fari a kwalba. Ba mu fara shi ba." Na ce za ki warke ku fara. Kika yi murmushi kika ce, "Ke kin yi makaranta, shi ne damuwarki, amsa tana saurin fito miki. Ki riƙa riƙe ta a baki tukuna, kamar shayi mai zafi." Na yi dariya, ban tambaye ki mece ce tambayar ba. Na ɗauka akwai lokaci.

Bayan rasuwarki Auta ya yi kuka, ya yi tambayoyi, babansa ya zaunar da shi ya amsa masa iya yadda zai iya. Takwara kuwa ba ta yi kuka a gabanmu ba. Ta ɗauki kwalbar daga taga, ta hau kujera ta ɗora ta a saman kabad, ta tura ta can baya. Ta daina tambaya. Sai "to" da "a'a." Ta koma sunkuyar da kai idan baƙi sun yi mata magana, tana murza gefen riga. Na ga yarinyar nan ta shekara shida tana dawowa a gabana, kuma ban san yadda zan tare ta ba. Na gwada. Na ce mata, "Ba ki da abin tambaya yau?" Ta ce, "Babu." Na ce ko mu je wurin mai gyaran agogo mu gaishe shi. Ta ce kanta na ciwo. Wannan ya fi komai tsorata ni, Inna, domin abin da kika gina a shekara huɗu na ga zai rushe a hannuna cikin mako biyu.

Yanzu zan faɗi laifina. Ranar da babansu zai koma aiki, kwana goma sha uku da rasuwarki, ya sa farar rigarsa ta aiki sai maɓallin ƙirji ya tsinke ya gangara ƙarƙashin gado. Ya makara. Gwangwaninki kuma an kai shi sito tare da keken lokacin da aka share ɗakin saboda masu gaisuwa, an jibga kaya a kai. Na tuna da kwalbar. Na san ko wace kwalba ce, ba zan ce ban sani ba. Na ce a raina ai an gama da wannan, ita ma mai abin ta yi watsi da shi. Na hau kujera na sauko da ita, na juye farin maɓallin a tafina, na ɗinka masa a tsaye, ya yi daidai kamar da shi aka sayo rigar.

Muka zauna shan shayi. Takwara ta ɗauki kofi, ta ajiye. Ta kafe ƙirjin babanta da ido.

Ya ce, "Lafiya, ko cikin ne ya sake ƙaruwa?"

Ba ta yi dariya ba. Ta juyo gare ni ta ce, "Umma, wa ya ba ki amsar?"

"Wace amsa?"

"Kin ɗinka shi. Ba a ɗinkawa sai an gamsu."

Auta ya miƙe a kan kujera ya leƙa, ya ce, "Baba zai tafi da tambaya wurin aiki."

Babansu ya dafe maɓallin ya ce, "To ni yanzu in cire rigar ne ko yaya? Fasinjoji na jira."

Kunya ta kama ni. Na ce, "Takwara, na yi kuskure. Ban ma san mece ce tambayar ba. Gaya mini."

Ta fara murza gefen rigarta. Na tuna yadda kika tsaya a shagon mai agogo, na riƙe bakina na jira. Babansu ma ya zauna, ya manta da makara. Can ta ce, ƙasa-ƙasa, "Idan aka shuka iri a kife, ta yaya zai san inda sama take? Ai a cikin ƙasa duhu ne."

Amsa ta taho mini da gudu har bakin leɓe, wadda na saba bayarwa. Na riƙe ta. Na ce, "Ban sani ba. Ke kika tambaya."

Ta ɗago kai ta kalle ni, karon farko cikin kwanaki. Ta ce, "Ƙarasa."

Na ce, "Ke za ki wuce gaba."

"Saura gwiwoyi."

Na ce, "Nawa lafiyarsu lau, ba zan yi musu ƙarya ba."

Ta fashe da dariya, dariyar ta juye kuka, ta faɗo jikina. Kukan da ta riƙe kwana goma sha uku ranar ya fito. Babansu ya tafi aiki da jan ido da tambaya a ƙirjinsa.

Da Takwara ta dawo daga makaranta ita ta tsara komai. Ta ɗauki kwalbar da na bari babu komai, ta sa muka tono buhun guntayen ƙyallenki daga sito, ta cusa su ciki ta jiƙa. Ta jera ƙwayar wake biyar a jikin gilashin yadda za a riƙa ganinsu, kowace ta fuskanci wani gefe daban, ɗaya a kife sosai. Ta mayar da kwalbar kan tagarki. Aikina kawai in zuba ruwa cokali biyu idan ta ce. Kwana huɗu saiwa ta fito. Wadda aka kife, saiwarta ta fara yin sama, sannan ta lanƙwasa ta yi ƙasa kamar wadda aka kira. Duk biyar ɗin ƙasa suka nufa, ganyen kuma sama. Takwara ta ce wataƙila sa'a suka yi, ta kwantar da kwalbar a gefenta. Bayan kwana biyu saiwoyin suka sake juyawa. Auta ya ce waken nan ya fi Baba sanin hanya.

Na ɗauko almakashi zan cire maɓallin daga rigar in ɗinka shi a kan ƙyalle. Ta riƙe hannuna ta ce, "Ban gamsu ba. Mun ga ya sani. Ba mu ga yadda ya sani ba."

Don haka har yau maɓallin yana rigar ɗanki. Ya ce ba ya bari a wanke ta da sauran kaya. Ya kuma gano cewa cikin fasinjojinsa na safe akwai wani mai lambu da ke renon dashen itatuwa, mai lambun ya ce mu zo Asabar mai zuwa. Zan gaisa da shi in ce wannan tana da magana, in ja da baya.

Mun wanke wata kwalbar, tunda taki wake ya mamaye. Akwai maɓalli uku a ciki yanzu. Ɗaya na Takwara, ɗaya na Auta. Na ukun nawa ne. Da muka fito da keken muka mayar da shi wurinsa, na zauna ina sa zare, sai na ji kaina ina cewa me ya sa yake buƙatar zare biyu, na sama da na ƙasa, alhali allurar hannu ɗaya ke isarta. Shekara uku ina taka shi ban taɓa tunani ba. Takwara ta miƙo mini gwangwanin ta ce, "Zaɓi, Umma. Ke kika tambaya."

Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidana, da yayarsa da ƙanensa, da jikokinki na nan da na nesa, da matan da kika yi wa ɗinki shekara da shekaru, da yaran layinmu da har yanzu suke tsayawa a tagarki kafin su tuna. Allah ya ba mu haƙuri baki ɗaya.

Allah ya jiƙanki, Inna. Ya yafe miki kurakuranki, ya yalwata miki makwanci, ya haskaka shi. Yadda kika yi haƙuri da ƙananan bayinsa, kika durƙusa da gwiwoyi masu ciwo don ki ga abin da suke gani, Allah ya saka miki da gidan Aljanna inda babu ciwo. Duk abin da yaran nan suka koya, da wanda za su koya wa nasu, Allah ya sa ladan ya riƙa isa gare ki. Wannan karon ke kika wuce gaba. Mu muna nan a baya, Allah ya kyautata tamu idan ta zo.